Ƙafar da ta yi shiru

Wata 7 na yi ina ɗingishi kowace safiya kafin na yarda cewa abin da ke damun dunduniyata ya wuce gajiya. Da zarar na sauko da ƙafar hagu daga gado na taka ƙasa, sai in ji kamar an kafa mini ƙusa a tsakiyar diddige. In dafa bango, in yi taku biyar ko goma, sannan ya fara sakina. Kafin in isa aji ya lafa har in manta da shi. Ni malamin makaranta ne, a tsaye nake wuni a gaban allo. In na samu hutun rabin awa na zauna, ina miƙewa sai in tarar ƙusar nan na nan inda na bar ta.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na gasa da ruwan zafi, na shafa man zafi, na sha ƙwayar kashe raɗaɗi har cikina ya fara yi mini ƙorafi. Wani ya ce mini ƙashi ne ya tsiro a diddigen kuma sai an yi aiki an cire, wannan maganar ce ma ta sa na ƙara jan ƙafa wajen zuwa asibiti. Daga ƙarshe wata abokiyar aikina da ta ga yadda nake sauka daga matakala ta ce, “Malam, ka je ka ga likitan ƙafa mana.” A lokacin ban san akwai likitan da ƙafa ce kaɗai aikinsa ba.

Ashe fanni ne mai zaman kansa, ana kiransa fodiyatiri. A Amurka mai wannan aiki sai ya gama digirin farko, ya yi shekara 4 a makarantar fannin, ya ƙara shekara 3 yana samun horo a asibiti, kuma har tiyata yake yi. A Ingila digiri ne na shekara 3, masu son yin babbar tiyata su ƙara karatu a kai. Ba ko'ina ake samunsu ba. Inda babu su, aikin yakan rabu tsakanin likitan ƙashi, likitan fata, da ma'aikatan jinya masu kula da raunin masu ciwon suga.

Da na je wurin likitan ƙafar, wadda mace ce, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ba ta fara da ƙafata ba. Takalmina ta ce in miƙo mata. Ta kifa shi, ta nuna mini yadda gefen ciki ya cinye ya kwanta, ta lanƙwasa shi da hannu ɗaya kamar tsumma. Sannan ta sa na yi tafiya daga ƙofa zuwa taga sau uku tana kallona ta baya. Da na hau gadon gwaji ta ɗora babban yatsanta a wani wuri guda, can gaban diddige ta gefen ciki, ta danna. Sai da na ɗaga daga kwance.

Ta ce wata igiyar tantani ce mai kauri da ta taso daga ƙashin diddige ta bi tafin ƙafa ta bazu zuwa gindin yatsu, ita ke riƙe da bakan ƙafa kamar yadda tsirkiya ke riƙe da baka. In nauyi ya yi mata yawa, ko saboda doguwar tsayuwa a kan daɓe mai tauri, ko ƙiba, ko takalmin da ya mutu, ko taurin agara, sai ta fara samun 'yan ƙananan tsagewa a inda ta manne da ƙashi. Da dare, ƙafa tana kwance yatsu na kallon ƙasa, igiyar takan taƙure. Takun farko na safe shi ke fizgar ta da ƙarfi, shi ya sa zafin ya fi tsanani a lokacin. Game da ƙashin da aka tsoratar da ni da shi, ta ce mutane da yawa suna da wannan ɗan tsiron a hoton ƙafarsu ba tare da sun taɓa jin ciwo ba, kuma ba kasafai ake taɓa shi ba.

Maganin da ta ba ni babu ƙwaya a ciki. Kafin in taka ƙasa da safe, in zauna a bakin gado in kama yatsuna in ja su baya zuwa wajen ƙwauri, in riƙe na ɗan lokaci, in maimaita. In dafa bango in miƙar da sharaɓa sau da yawa a rana. In na dawo daga aiki in murza tafin ƙafa a kan kwalbar ruwa mai sanyi. In daina yawo ba takalmi a kan siminti, in canja takalmin aiki, in sa masa shimfiɗa mai tallafe bakan ƙafa. Na tambaye ta allura, domin na ji ana yi. Ta ce akwai, amma ba da ita ake farawa ba, domin maimaita ta na iya sa kitsen da ke ƙarƙashin diddige ya sirance, wani lokaci ma igiyar ta tsinke. Mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa ba tare da an kai ga wuƙa ba, sai dai yana cin watanni. Nawa ya ci wata 4.

A cikin watannin nan na koma wajenta sau da dama, kuma zaman jira ya buɗe mini ido. Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26 da gaɓa 33. Ƙafa biyu ƙashi 52 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum. Wuri mai sassa da yawa haka, wanda ke ɗauke da nauyin mutum gaba ɗaya, dole hanyoyin lalacewarsa su yi yawa.

Na ga wani saurayi da farcen babban yatsansa ya shige nama, yatsan ya kumbura ya yi ja yana fitar da mugunya. Ya yi wata biyu yana ƙwaƙular gefen da reza, kullum ya yanke sai ya bar wani ɗan tsini a can ciki, farcen na girma tsinin na ƙara nutsewa. Aikin da aka yi masa bai kai awa ɗaya ba: allurar kashe yatsa, a cire siririn gefen farcen, a shafa wani sinadari mai suna fenol a tushen wannan gefen domin kada ya sake tsirowa. Da ƙafarsa ya fita. Tun daga ranar nake yanke farcen ƙafata a miƙe, ba na bin kwana, ba na yankewa har ƙasa.

Sauran ba sai na ja ba. Kanta, wato kaurin da fata ke yi, hanya ce da fatar ke kare kanta daga matsi, shi ya sa ko an kankare ta sai ta dawo muddin takalmin da ya haife ta yana nan. Cin ruwan da ke tsakanin yatsu, musamman tsakanin na huɗu da ƙaramin, ƙwayar fungas ce mai son danshi, ana maganinta da man shafawa da busar da wurin sosai bayan wanka. In ta shiga farce ya yi kauri ya yi rawaya, sai an sha magani na wajen wata 3, kuma sai a jira sabon farce, wanda kan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya cika. Faso yana son mai da gugar kaushi a hankali. Akwai kuma ciwon gaut, wanda kan tashi mutum da tsakar dare babban yatsa ya yi ja ya yi zafi har mayafi ba ya so ya taɓa shi, wannan daga jini yake kuma ta can ake bi masa. Duk waɗannan suna da abu guda da ya haɗa su, suna damun mai su har ya tashi ya nemi taimako.

A zuwana na uku, tana cike takarda, ta tambaye ni ko akwai mai ciwon suga a gidanmu. Na ce mahaifina, shekara 11 ke nan. Ta ce, “Yaya ƙafarsa?” Na ce lafiya ƙalau, ai shi bai taɓa kukan ƙafa ba, ni da nake ɗansa na fi shi ɗingishi. Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, “Malam, ka kawo mini Baba a makon nan.”

Baba bai so zuwa ba. Ya ce mai lafiya me zai je yi wurin likita. Sai da ƙanwata ta sa baki ya yarda, yana cewa don dai kada mu ce ya ƙi jin maganarmu.

Ta gaishe shi da ladabi, ta cire masa safa da hannunta. Ta taɓa bayan ƙafar da bayan idon sawu tana neman bugun jini, ta ce jini na zuwa, alhamdulillahi. Sannan ta ɗauko wani siririn zaren roba, kamar zaren fatsa, an manna shi a jikin ɗan mariƙi. Ta fara taɓa shi a bayan hannunsa domin ya san yadda ake jin sa. An yi zaren ne yadda zai lanƙwashe daidai lokacin da matsinsa ya kai giram 10. Ta ce, “Baba, ka rufe ido. Duk lokacin da ka ji na taɓa ka, ka ce na'am.”

Ta ɗora a ƙarƙashin babban yatsa, zaren ya lanƙwashe. Shiru. Ta koma gindin yatsu, wuri ɗaya, wuri biyu. Shiru. Ta koma ɗaya ƙafar. Ina tsaye ina kallon zaren na lanƙwashewa a fatar mahaifina, shi kuma idonsa a rufe, fuskarsa a sake. Can ya ce, “'Yata, ki fara mana, ina jira.”

Har yau in na tuna wannan maganar sai jikina ya yi sanyi. Hausawa na cewa jiki magayi. Ƙafar Baba ta daɗe da daina gaya masa komai, mu kuma muka ɗauki shirun nan a matsayin lafiya.

Suga in ya daɗe da yawa a jini yakan lalata jijiyoyin ji, kuma daga mafi tsawo yake farawa, wato waɗanda suka kai yatsun ƙafa. Wasu sukan fara jin zafi kamar wuta ko tsikari kamar allura da dare. Wasu kuma, irin Baba, abin yakan tafi a hankali ba sallama. Da likitar ta tambaye shi ko takalmi yakan suɓuce masa bai sani ba, ya ce ya faru sau biyu, ya ɗauka tsufa ne. Suga yakan kuma lalata jijiyoyin da ke sa fata ta yi gumi, don haka in sun mutu ƙafa takan bushe ta tsage. Haka ma jijiyoyin da ke riƙe da ƙananan tsokoki, in sun raunana yatsu su tanƙware, nauyi ya taru a wuri guda.

A wurin da nauyin ya taru a ƙafar dama ta Baba, ƙarƙashin gindin babban yatsa, akwai kanta mai kauri da wani ɗigo baƙi-baƙi a tsakiya. Ni da na gani da na ce kanta ce kawai. Ta ɗauko wuƙar aiki ta dinga fere ta kaɗan-kaɗan, Baba na hira abinsa. A ƙarƙashi akwai rami, faɗinsa bai kai farcen ɗan yatsa ba, a jiƙe. Ta sa hannu cikin takalminsa ta shafa, ta juyo mini da shi: shimfiɗar ta huje daidai wurin, akwai wani ɗinki mai tauri da ya fito. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake taka shi.

Bayan mun dawo gida na shiga karatu, domin na kasa barci. A nan na ci karo da labarin Paul Brand, wani likitan tiyata ɗan Ingila da ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946. A zamaninsa an yarda cewa cutar kuturta ce da kanta ke cinye yatsun mutum. Shi ya bi marasa lafiyarsa ya lura da rayuwarsu ta yau da kullum, ya nuna cewa abin da cutar ke kashewa shi ne jin zafi. Sauran ɓarnar daga ƙuna ne da yanka da bororon da mutum bai ji ba, ya ci gaba da takawa a kai har ya zama gyambo, gyambo ya kai ƙashi. Ya sa aka dinga ɗinka musu takalma masu laushi daidai ƙafarsu, aka koya musu duba jikinsu da ido tun da jin ya tafi. Daga baya ya koma Amurka, kuma abin da ya koya a wajen masu kuturta ya zama ginshiƙin yadda ake kula da ƙafar masu ciwon suga. Na karanta wannan ina tuna wata 7 da na yi ina jin haushin diddigena. Shi aƙalla ya yi ta kirana har na amsa.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da cutar. Bincike ya nuna cewa tsakanin 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ita za su samu gyambon ƙafa a wani lokaci na rayuwarsu, kuma mafi yawan ƙafafun da ake yankewa saboda suga da irin wannan ɗan ramin suka fara. Abin da ke ci mini rai shi ne, gwajin zaren nan bai ɗauki minti biyar ba. Ƙa'idar da masana suka amince da ita ita ce a duba ƙafar mai ciwon suga aƙalla sau ɗaya a shekara. Baba ya yi shekara 11 yana zuwa ana auna jininsa ana rubuta lamba a kati, ba a taɓa ce masa ya cire safa ba, mu ma 'ya'yansa ba mu san a tambaya ba. Ina ganin duk wanda ke raka mai suga asibiti yana da haƙƙin ya buɗe baki ya ce a duba ƙafa, ko da layi ya yi tsawo.

Jinyar raunin ta koya mini wani abu da ban zata ba. Na ɗauka maganin shafawa ne zai yi aikin. Likitar ta ce babban magani shi ne a ɗauke wa wurin nauyi, domin raunin da ake takawa kullum ba ya haɗewa komai kyan abin da aka shafa masa. Hanya mafi inganci ita ce a naɗe ƙafar da filasta mai tauri da ke bin siffarta ya rarraba nauyi, wanda mutum ba zai iya cirewa da kansa ba. Baba an ba shi wani babban takalmi mai kaiwa kusa da gwiwa, wanda ake iya cirewa, da sharaɗin ba zai yi ko taku ɗaya ba tare da shi ba. Nan muka sha fama. Mutumin da ba ya jin ciwo, da wuya ka gamsar da shi cewa tashi ɗauko rediyo daga ɗaki zuwa ɗaki na iya warware aikin mako guda. Ba taurin kai ba ne, jikinsa ne ke ce masa babu komai. Ƙanwata ce ta samo dabara, ta dinga ɗaukar hoton raunin da waya duk ranar da aka canja bandeji tana nuna masa. Da ya ga ramin da idonsa, kuma ya ga yana tsukewa mako bayan mako, sai ya daina gardama.

Duk mako muna komawa, ta fere matacciyar fatar da ta taru a gefe, ta auna faɗi da zurfi, ta rubuta. Ta haɗa mu da likitansa na suga aka gyara magani, domin rauni ba ya saurin warkewa in suga na sama. Ta kuma gaya mana abin da ba a kwana da shi: in ƙafar ta yi ja, ko ta kumbura, ko ta fi 'yar'uwarta ɗumi, ko ta fara wari, ko wani wuri ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya zo, a ranar za a kawo shi. Ta ja kunnenmu musamman a kan ƙafar da ta kumbura ta yi zafi a hannu amma mai ita bai jin ciwo, domin wani lokaci ƙasusuwan ne ke rugujewa a ciki, kuma in aka ci gaba da takawa bakan ƙafar kan rufta gaba ɗaya.

Mako 9 raunin ya ɗauka kafin ya rufe. Ranar da ta ce ya haɗe, Baba ya yi mata addu'a mai tsawo har idonta ya kawo ruwa. Amma ba ta sallame mu ba. Ta ce fatar da ta taɓa hujewa ta fi saurin sake hujewa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a hana abin ci gaba. Aka auna masa takalmi mai faɗin baki da zurfi, da shimfiɗar da aka yi daidai tafin ƙafarsa. Ta ce in za a saya masa wani, a bari sai yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a gwada duka biyun a tsaye, a bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsa da bakin takalmi. Reza ta bar ɗakinsa. Filastan cire kanta da ake sayarwa, mai ɗauke da asid, an hana shi, domin yana iya ƙona lafiyayyar fata bai ji ba. Ruwan wanka da gwiwar hannu ake gwada masa, kuma ba ya ƙara kusantar da ƙafa ga wuta don jin ɗumi. Mai ana shafa masa a diddige da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsu.

Yanzu duk yamma in na taso daga makaranta nakan biya ta wajensa. In zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafarsa a cinyata, in duba diddige, in buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, in shafa da bayan hannu ko akwai inda ya fi ɗumi. Da farko yana jin nauyin abin, yana cewa, “Kai da aikinka, ka bari yara su yi.” Yanzu shi ke miƙo ƙafar tun kafin in ajiye jaka. Ranar da ban samu zuwa ba yana da ɗan madubi da yake ajiyewa a ƙasa ya duba da kansa.

Makon jiya ina zaune ya tashi zai fita. Ya ɗauki takalmin dama, ya kifa, ya girgiza, ya zura hannu ciki kamar yadda aka koya masa. Ya tsaya. Ya zaro murfin biro, wanda jikansa ya jefa a ciki yana wasa. Ya riƙe shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce in ajiye, zai nuna wa likita ranar Talata.